Matsayin Taimakon Lauya Wajen Samar wa Yaro Ilmi na Musamman: Nazari a kan Tsarin Ingila

1.0 Gabatarwa

Masana ilmi sun daɗe da amincewa cewa akwai yaran da koyarwar aji ta yau da kullum ba ta wadatar da su, ko dai saboda raunin gani ko na ji, ko naƙasar wata gaɓa, ko jinkirin magana, ko nauyin fahimta. Haka nan kuma ƙasashe da dama sun rubuta a dokokinsu cewa irin waɗannan yara suna da haƙƙin a ilmantar da su. To, amma rubuta haƙƙi a littafin doka daban, samunsa a cikin aji kuma daban. A tsakanin biyun akwai mahaifin da zai nema, da hukumar da za ta bayar ko ta hana, da kuma wurin da za a kai kuka in an hana.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda iyaye suke amfani da taimakon shari'a don samar wa ɗansu ilmin da ya dace da bukatarsa. Mun ɗauki ƙasar Ingila ta zama abin nazarinmu saboda dalili biyu. Na farko, an yi shekara fiye da 40 ana gwada wannan al'amari a can, har kotuna sun yanke hukunce-hukunce masu yawa a kansa. Na biyu, tsarin kotunanmu na Nijeriya daga nasu aka gado shi, saboda haka abin da ya faru a can ba zai yi mana wuyar fahimta ba. Bayaninmu ya tsaya ne a kan Ingila ita kaɗai, domin sauran sassan Birtaniya kowanne da tasa dokar. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, babban aikin lauya a wannan fage shi ne ya mayar da bukatar yaro ta zama wajibi rubutacce, mai adadi, wanda aka ɗora wa wata hukuma takamaimai. Daga ƙarshe za mu dubi abin da wannan ya shafe mu da shi a gida.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Dokar Ilmi ta 1944, da ƙa'idojin da suka biyo bayanta a 1945, sun karkasa yara naƙasassu gida 11, kuma likita ne mai babban ta-cewa wajen sanya yaro a gidan da aka ga ya dace da shi. Wasu yaran ma an yanke cewa ba sa ilmantuwa sam, aka bar su a hannun hukumomin lafiya, sai da aka yi dokar 1970 sa'an nan aka mayar da su ƙarƙashin hukumomin ilmi.

A 1978 kwamitin da Mary Warnock ta shugabanta ya fitar da rahotonsa. Rahoton ya ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar zai bukaci wani taimako na musamman a wani lokaci na zamansa a makaranta. Ya kuma ba da shawarar a rage mayar da hankali ga sunan naƙasa, a dubi abin da yaro yake bukata don ya koya. A kan wannan rahoto aka gina Dokar Ilmi ta 1981, wadda ta fara aiki a 1983, ta kuma kawo takardar bayanin bukatu, watau takardar da ƙaramar hukuma take rubuta bukatun yaro da abin da za a yi masa. Sai dai a wancan lokaci mahaifin da bai gamsu ba, kwamitin da ita hukumar ta naɗa zai fara kai wa kuka, daga nan sai wurin Ministan Ilmi. Dokar 1993 ce ta kafa kotu ta musamman mai zaman kanta, ta fara zama a 1994. A 2014 aka yi Dokar Yara da Iyali, wadda ta maye gurbin tsohuwar takarda da Takardar Shirin Ilmi da Lafiya da Kulawa, ta kuma faɗaɗa ta daga haihuwa har zuwa shekara 25. Don sauƙi, takardar shiri za mu riƙa kiranta. Tsarin da wannan doka ta 2014 ta kafa shi za mu bayyana.

3.0 Matakan Neman Taimako

3.1 Taimakon Makaranta

Yawancin yara masu bukata ta musamman ba su da takardar shiri. Makarantarsu ce take taimakonsu daga cikin kuɗinta, a ƙarƙashin wani malami da doka ta ce lalle a naɗa don kula da wannan aiki. Ana sa ran makaranta ta ɗauki nauyin ƙarin hidima har zuwa fam 6,000 a shekara a kan yaro ɗaya. Abin lura a nan shi ne, abin da sashe na 66 na dokar ya ɗora wa makaranta shi ne ta yi iyakar ƙoƙarinta. Iyakar ƙoƙari kuwa ba ta da ma'auni, saboda haka da wuya a kama wani a kanta. Wannan ne ya sa iyaye da yawa suke matsawa zuwa mataki na gaba.

3.2 Auna Bukatu

Mahaifi, ko makaranta, ko shi matashin da kansa in ya wuce shekarun karatun dole, yana iya rubuta wa ƙaramar hukuma ya nemi a auna bukatun yaro. Hukuma tana da mako 6 ta ba da amsa. Sharaɗin da sashe na 36 ya gindaya mai sauƙi ne ƙwarai: in yaro yana da bukata ta musamman, ko mai yiwuwa ne yana da ita, kuma mai yiwuwa ne sai da takardar shiri za a biya ta, to dole a auna shi. Duk da haka, wasu hukumomi sukan ƙirƙiro nasu sharuɗɗa, alal misali su ce sai yaro ya kasance baya da sa'o'insa da shekara kaza, ko sai makaranta ta nuna ta kashe kuɗi kaza. Waɗannan sharuɗɗa ba sa cikin doka. Mahaifin da bai sani ba yakan karɓi ƙin da aka yi masa ya koma gida, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Sau da yawa taimakon farko da lauya yake yi bai wuce ya nuna wa mahaifi bambanci tsakanin doka da al'adar ofis ba.

In an yarda a auna, hukuma za ta tattara ra'ayin iyaye da na makaranta da na likita da na masanin halayyar koyo da na ma'aikatan jin daɗin jama'a, da na duk wani ƙwararre da ya dace a nema. In ta ga babu bukatar takardar shiri, sai ta sanar cikin mako 16. In kuwa za ta bayar, sai ta aiko da daftari, iyaye su sami aƙalla kwana 15 su yi gyara su kuma faɗi makarantar da suke so. Daga ranar da aka nema zuwa ranar da takarda za ta fito, doka ta ƙayyade mako 20.

3.3 Sassan Takardar Shiri

Takardar shiri tana da sassa daga A zuwa K, amma uku ne jigo ta fuskar shari'a. Sashen B shi ne bayanin bukatun yaro. Sashen F shi ne abin da za a yi don biyan kowace bukata. Sashen I kuma shi ne sunan makaranta. Ana iya kwatanta B da binciken likita, F da maganin da ya rubuta, I kuma da wurin da za a sha maganin. In bincike ya bar wani ciwo, ba za a rubuta masa magani ba, in kuma maganin da aka rubuta kaɗan ne, kowace makaranta za ta ce za ta iya. Saboda haka lauyoyi sukan shawarci iyayen da suke jayayya a kan makaranta su haɗa da sassan B da F a ƙararsu.

Ƙarfin takardar duka yana cikin sashe na 42 na dokar, wanda ya ce wajibi ne ƙaramar hukuma ta samar da abin da aka rubuta a sashen F. A nan babu maganar iyakar ƙoƙari. Abin da aka rubuta ya zama bashi a wuyan hukuma, ko da makaranta ce ta gaza.

4.0 Inda Lauya Yake Shigowa

4.1 Gyaran Lafazi

Tun da abin da aka rubuta shi ne bashi, to yadda aka rubuta shi ne kan gaba. A ce ga yaro mai raunin ji wanda maganarsa ta yi jinkiri. Hukuma tana iya rubuta cewa yaron zai amfana da samun damar ganin mai gyaran magana lokaci-lokaci. Wannan jimla tana da daɗin ji, amma ko sau ɗaya aka ga yaron a shekara an cika ta. Lauya zai nemi a rubuta cewa ƙwararren mai gyaran magana zai zauna da yaron shi kaɗai na minti 45, sau ɗaya kowane mako, a cikin makaranta, duk tsawon zangon karatu. Jimla ta biyu ta faɗi mai yin aikin da matsayinsa da yawan lokaci da wuri, saboda haka ranar da aka fasa kowa zai gani. A wata shari'a da ta shafi hukumar Somerset, Mai Shari'a Laws ya yanke cewa dole bayanin ya fito fili ta yadda ba za a bar kafar shakka a kan abin da aka yanke za a yi wa yaro ba, kuma a mafi yawan lokaci hakan yana nufin a faɗi yawan awoyi a mako.

Akwai kuma batun sashen da aka sa abu a ciki. Hukumomi sukan so su sanya gyaran magana a sashen lafiya, domin nauyinsa ya koma kan hukumar asibitoci, kuma ikon kotu ta musamman a kan wannan sashe bai wuce ba da shawara ba. Tun a 1989, a shari'ar da ta shafi hukumar Lancashire, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yarda cewa koya wa yaro magana yana iya zama aikin ilmi. Sashe na 21 na dokar 2014 ya tabbatar da haka, ya ce duk hidimar lafiya da take ilmantarwa ko horarwa a ɗauke ta a matsayin ilmi na musamman. Matsar da layi ɗaya daga wannan sashe zuwa wancan yana iya zama shi ne bambanci tsakanin samu da rashi.

4.2 Tattara Hujja

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu wanda ya san yaro kamar iyayensa. Amma kotu da hujja rubutacciya take aiki. Hujjar nan ta ƙunshi sakamakon gwaje-gwajen yaro na shekaru, da rajistar zuwansa makaranta, da bayanin dabarun da malamai suka jarraba da abin da suka haifar, da rahotannin ƙwararru. Lauya yakan karanta rahoton masanin da hukuma ta aiko, ya ga ko ya faɗi adadi ko ya tsaya ga shawara sama-sama, ya rubuta masa tambayoyi, in kuma ya zama dole ya nemo masani mai zaman kansa. Daɗin daɗawa, yakan gargaɗi iyaye su riƙa yin kome a rubuce, duk abin da aka faɗa musu da baki su bi shi da wasiƙa mai kwanan wata.

4.3 Ɗaukaka Ƙara

Sashe na 51 ya ba iyaye damar kai ƙara kotu ta musamman in an ƙi auna yaro, ko an ƙi ba da takardar shiri, ko ba su yarda da sassan B da F da I ba, ko an ƙi gyara takardar bayan bitar shekara, ko an soke ta. Kafin a shigar da ƙara sai an tuntuɓi mai ba da shawara a kan sulhu an karɓi takardar shaida, ko da ba za a zauna sulhun ba, sai fa in jayayyar a kan sunan makaranta ce kawai. Wa'adin shigar da ƙara shi ne wata 2 daga ranar wasiƙar hukuma, ko wata 1 daga ranar takardar shaidar sulhu, duk wanda ya fi nisa. Sakaci da wannan wa'adi yana iya rufe wa mai gaskiya ƙofa.

Ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Alƙali ne yake zama tare da masani ɗaya ko biyu waɗanda suka san ilmi na musamman, kuma kotun tana da ikon ta yanke hukunci sabo a madadin hukuma bisa halin da yaro yake ciki a ranar zama. Kafin ranar, ɓangarorin biyu sukan yi ta musayar kwafin takardar shiri, kowa yana nuna kalmomin da yake so a ƙara ko a cire, har a rage wuraren saɓani. Game da makaranta, sashe na 39 ya ce a rubuta wadda iyaye suka zaɓa daga cikin ire-iren da doka ta lissafa, sai fa in hukuma ta nuna ba ta dace da yaron ba, ko shigarsa za ta cutar da karatun sauran yara, ko kuma za ta zama ɓarnar dukiyar jama'a. Watau nauyin kawo hujja yana kan hukuma. In kotu ta ba da umurnin gyara takarda, hukuma tana da mako 5 ta aiwatar.

4.4 Tilasta wa Hukuma

Kotu ta musamman tana yanke abin da za a rubuta ne kurum, ba ta bin sawu ta ga an aikata. In hukuma ta wuce mako 20 ba ta fitar da takarda ba, ko ta kasa samar da abin da yake sashen F, hanya biyu ce ta rage. Ta farko ita ce kai koke ga jami'in sauraron koke-koke a kan ƙananan hukumomi. Wannan kyauta ce, yana kuma iya ba da shawarar a biya diyya, amma tana ɗaukar lokaci. Ta biyu ita ce a roƙi Babbar Kotu ta binciki halascin abin da hukuma ta yi ko ta ƙi yi. Dole a yi wannan da gaggawa, kada a wuce wata 3. Kafin a je, lauya yakan aika da wasiƙar gargaɗi wadda take bayyana dokar da aka karya, yawanci a ba da kwana 14 a ba da amsa. Sau da yawa wasiƙar kaɗai takan isa, domin lauyoyin hukuma sun san ba su da kariya.

Dalilin rashin kariyar kuwa ya samo asali daga hukunce-hukunce irin na shari'ar Tandy ta 1998. Wata yarinya ce maras lafiya ake koyar da ita a gida awa 5 a mako, sai hukumar East Sussex ta rage zuwa awa 3 saboda an rage mata kasafin kuɗi. Majalisar Dattawa, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli ta ƙasar, ta yanke cewa abin da ya dace da ilmin yaro da ma'aunin ilmi ake auna shi, kuma ƙarancin kuɗi ba ya mayar da wajibi ya zama ganin dama.

5.0 Wa Yake Biyan Lauya?

An tsara kotu ta musamman ne don mahaifi ya iya tsayawa da kansa, kuma iyaye da yawa hakan suke yi. Amma ƙararraki masu nauyi suna da takardu ɗaruruwa, ga shi kuma hukuma tana da ma'aikatan da aikinsu ke nan kullum. Hanyoyin samun taimako huɗu ne.

Ta farko, sashe na 32 ya wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta tanadi ofishin ba iyaye bayani da shawara kyauta, wanda ake so ya yi aikinsa ba tare da son kai ba ko da yake ita ce take ba shi kuɗi. Ta biyu, akwai ƙungiyoyin sa-kai, kamar IPSEA wadda aka kafa a 1983, masu horar da 'yan agaji a kan doka, su ba da shawara ta waya da samfurin wasiƙu. Ta uku ita ce taimakon shari'a na gwamnati. Dokar 2012 wadda ta fara aiki a 2013 ta cire yawancin ƙararrakin ilmi daga wannan taimako, amma ta bar na bukatu na musamman. Ana duba samun iyaye da dukiyarsu kafin a ba su. In sun cancanta, lauya zai shirya musu ƙara, ana ma iya biyan kuɗin rahoton masani, amma taimakon ba ya ɗaukar tsayawar lauya a ranar zama sai a wani hali na togiya. A Babbar Kotu kuwa, da yake da sunan yaro ake shigar da ƙara, yawanci abin hannun yaron ake dubawa. Ta huɗu ita ce mahaifi ya ɗauki lauya da kuɗinsa. A nan ya kamata a sani cewa a kotu ta musamman kowa shi yake ɗaukar ɗawainiyarsa, wanda ya ci ba ya karɓar abin da ya kashe daga wanda ya faɗi, sai in an nuna an yi taurin kai da ya wuce hankali.

6.0 Abin da Alƙaluma Suka Nuna

A watan Janairu 2015 yara kimanin 240,000 ne suke da takardar bayani ko ta shiri. A Janairu 2025 adadin ya haura 630,000. A shekarar 2024 takardun da aka fitar cikin wa'adin mako 20 ba su kai rabi ba. Ƙararrakin da aka shigar a kotu ta musamman sun tashi daga 3,000 da 'yan kai a shekarar karatu ta 2014/15 zuwa kimanin 21,000 a 2023/24, kuma daga cikin waɗanda kotu ta yanke wa hukunci a wannan shekara ta ƙarshe, kashi 99 cikin 100 iyaye ne suka yi nasara.

Wajibi ne a yi hattara da wannan adadi na ƙarshe. Ana lissafa nasara ko da a wani ɓangare na ƙarar ne kawai aka samu, kuma ƙararraki da yawa ana janye su ko hukuma ta sallama kafin zama. Duk da haka yana nuna abu biyu. Na ɗaya, dokar tana da ƙarfi a hannun wanda ya san ta. Na biyu, wanda ya fi damunmu, in hukuma tana faɗuwa haka a duk lokacin da aka ƙalubalance ta, to yaya halin yaran da iyayensu ba su da ilmi ko lokaci ko kuɗin da za su ƙalubalanta? Tsarin da yake dogara ga ƙara yakan fifita mai baki a kan maras baki. A ɗaya gefen kuma, su ma hukumomin suna da nasu kukan. A Oktoba 2024 ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya ba da rahoton cewa, ko da kasafin wannan fanni ya kai fam biliyan 10.7 a shekarar 2024/25, tsarin ba zai ɗore ba ta fuskar kuɗi. Ashe ke nan lauya yana iya ƙwato wa yaro ɗaya haƙƙinsa, amma ba shi ne zai horar da malamai ko ya gina azuzuwa ba.

7.0 Abin da Ya Shafe Mu a Nijeriya

In muka auna namu dokoki da ma'aunin da muka gani a sama, za mu tarar ba haƙƙin ne muka rasa ba. Tun 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta keɓe babi ga ilmi na musamman. Sashe na 18 na Tsarin Mulkin 1999 ya yi maganar ilmi kyauta, ko da yake sashe na 6 ya hana kotu tilasta abin da yake wannan babi shi kaɗai. Amma a 2009 Kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta yanke cewa ana iya neman haƙƙin ilmi a gabanta bisa Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam. A 2017 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar ƙungiyar LEDAP, ta yanke cewa Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da ilmin firamare da na ƙaramar sakandare haƙƙin da ake iya tilastawa. Bugu da ƙari, Dokar Hana Nuna Bambanci ga Naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ba su ilmi kyauta har sakandare a sashe na 17, ta kuma ce a sashe na 18 kowace makarantar gwamnati ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar da kayan aiki na musamman. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna bambanci, da naira 1,000,000 ga kamfani, ta kuma bar wa wanda aka zalunta damar neman haƙƙinsa a kotu.

Abin da waɗannan dokoki na tarayya ba su tanada ba shi ne abubuwa ukun da suka ba tsarin Ingila haƙora: haƙƙin a auna yaro cikin wa'adi, da takarda mai ɗauke da sunansa da adadin abin da za a yi masa, da kotu mai sauƙi wadda ba a biya. Har ila yau, makarantun firamare da sakandare galibi a hannun jihohi suke, saboda haka abin da lauya zai fara dubawa shi ne ko jihar ta yi tata dokar, kamar yadda Filato da Legas da Kano suka yi. Akwai ma wurin da doka ta yi tuntuɓe, domin sashe na 15 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, bayan ya ba kowane yaro haƙƙin ilmi kyauta, sai ya togace yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa.

Duk da haka mahaifi ba ya rasa abin yi. Ya fara da rahoton asibiti, ya rubuta wa shugaban makaranta da Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta jiha, ya faɗi takamaiman abin da yake nema, ya ajiye kwafi. In an yi shiru, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da Hukumar Kula da Naƙasassu wadda aka kafa a 2020. Don samun lauya kyauta akwai Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976, mai taimakon waɗanda samunsu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, da kuma cibiyoyin ba da shawara na tsangayoyin shari'a a jami'o'i. Ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun ba ƙungiya damar shigar da ƙara a madadin wani, ba su kuma sa wa'adi ba. Ga sauran ire-iren ƙara kuwa a yi hanzari, domin dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ƙayyade wata 3.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda Ingila ta taso daga karkasa yara bisa naƙasa zuwa rubuta wa kowane yaro abin da yake bin hukuma, da yadda lauya yake aiki a kan lafazi da hujja da wa'adi, da kuma iyakar abin da ƙara take iya gyarawa. Bisa wannan muke gabatar wa mahalarta taro shawarwari huɗu don tattaunawa.

Na ɗaya, majalisun jihohi su ƙara wa dokokinsu na naƙasassu tanadin auna yaro cikin wa'adi da ba shi takarda mai adadi. Na biyu, a kafa ƙaramin zaure mai zaman kansa a kowace jiha, da alƙali da masanin ilmi na musamman, wanda zai saurari iyaye da harshen da suke ji ba tare da biyan kuɗi ba. Na uku, sassan ilmi na musamman na kwalejoji da jami'o'i su haɗa kai da cibiyoyin shawarar shari'a, domin lauya ba shi da hujja sai wadda masanin ilmi ya rubuta masa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu, wanda yake hannunmu mu malaman kwalejojin ilmi, mu koya wa ɗalibanmu abin da doka ta ce, mu kuma horar da su a kan ajiye bayanin ci gaban yaro da rubuta rahoto mai faɗin abin da ake bukata da yawansa. Wannan na huɗun ba ya jiran wata sabuwar doka, ana iya soma shi a zangon karatu mai zuwa.